Cowboys tamu ce, mu ne za mu zage ta

Wallahi na rasa gane kaina da sauran magoya bayan Dallas Cowboys, kulob ɗinmu na ƙwallon Amurka a gasar NFL. Ranar Lahadi ana tashi daga wasa mu ne za mu cika guruf ɗinmu na WhatsApp da zagi, wannan ya ce a kori koci, wancan ya ce mai jefa mana ƙwallo Dak Prescott ba zai taɓa kai mu ko'ina ba, wani ma ya rantse ya daina kallo daga yau. Amma da gari ya waye Litinin mai sharhin wasanni Stephen A. Smith ya fito a shirin First Take na tashar ESPN da hularsa ta kaboyi yana ƙyaƙyata dariya, yana faɗin abin da bai kai rabin wanda muka faɗa jiya ba, shikenan sai kowa ya hau, wai 'yan jarida sun tsane mu, wai hassada ce.

Ni ma ina cikinsu fa, ba wai na fi su ba ne.

Bari in tuna muku Janairun 2024. Kaka uku a jere muna cin wasa 12 muna faɗuwa 5, ga shi mun jera nasara 16 a gidanmu na AT&T Stadium, sai ga Green Bay Packers da ƙyar suka shigo zagayen sili-ɗaya-ƙwale a gurbin ƙarshe, da yaronsu Jordan Love da bai taɓa buga irin wannan wasa ba. Kafin a tafi hutun rabin lokaci har sun yi mana 27 da 0. Aka tashi 48 da 32, kuma duk wanda ya kalla ya san makin da muka tara daga baya na rage kunya ne kawai. Akwai wani abokina a guruf ɗin, ba zan kama suna ba ya san kansa, a daren ya turo boyis na kusan minti huɗu, murya har tana rawa, babu wanda bai tsine wa ba tun daga koci Mike McCarthy har mai kulob ɗin. Washegari wani ya turo bidiyon Stephen A. yana mana dariya, sai ga mutumin nan dai ya dawo da wani boyis ɗin, wai wannan mutumin me ya sani a ƙwallon Amurka, ya je ya ji da ƙwallon kwandonsa, wai ai Dak ya yi ƙoƙari masu tsaron baya ne suka ba da mu. Dak ɗin da ya ce a sayar jiya da daddare! Na tura masa boyis ɗinsa na jiya, bai ce min komai ba sai da aka kwana biyu.

Abin da na lura shi ne ba ƙarya ce ke ƙona mana rai ba. Da ƙarya suke yi da sauƙi, sai ka kawo hujja ka wuce. To me za ka ce wa wanda ya tuna maka cewa rabon Cowboys da Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofin NFL, tun Janairun 1996 da suka doke Pittsburgh Steelers 27 da 17? Kuma tun daga lokacin ko wasan ƙarshe na ɓangarensu na NFC, wanda daga shi ake zuwa Super Bowl, ba su sake takawa ba. Akwai magoya baya da aka haifa bayan wannan kofin, sun yi aure sun haihu, ba su taɓa ganin komai ba sai tsoffin bidiyon taurarin wancan lokacin, Troy Aikman da Emmitt Smith da Michael Irvin. Gaskiya ce tsagwaronta, dariyar da ake haɗawa da ita ce ke sa mutum ya ji kamar ya fasa waya.

Amma kuma kar a ce magoya baya ba su da tasu hujjar, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Akwai kulob-kulob a NFL da ko sau ɗaya ba su taɓa zuwa Super Bowl ba, irin su Cleveland Browns da Detroit Lions, amma ba za ka ga an ɓata rabin shiri a kansu duk sati ba. Cowboys kuwa ko sun ci ko sun faɗi ko ma ba a kakar wasa ake ba sai an kawo zancensu, saboda gidajen talabijin sun san sunan yana jawo masu kallo, masoya su zo su kare, maƙiya su zo su yi dariya, duk dai kallo ne. Shekaru mai sharhi Skip Bayless ya yi a tashar FS1 yana kare su kamar ransa, abokin shirinsa Shannon Sharpe yana tsokanarsa, ɗaya na kuka ɗaya na dariya, mu kuma muna ta yaɗa musu bidiyo kyauta. Kuma wani lokacin da gaske an cuce mu, kamun ƙwallon da ɗan wasanmu Dez Bryant ya yi a Lambeau, filin Packers, a Janairun 2015 da alƙalai suka soke, har gobe kamu ne a wurina, ai ga shi a 2018 sai da NFL ta gyara dokar.

Wanda ya fi ba ni mamaki a duk lamarin nan shi ne Jerry Jones. Ya sayi kulob ɗin a 1989 kan kusan dala miliyan 140, zuwa 2024 Forbes ta ce darajarsa ta haura dala biliyan 10, babu kofi kusan shekara talatin amma kuɗi sai hawa suke. Shi ne mai kulob, shi ne janar manaja, wato wanda ya kamata a kora in abu ya lalace shi ne kuma mai korar. A Oktoban 2024 Lions suka zo har gida suka yi mana 47 da 9, ranar zagayowar haihuwarsa ma, da ya shiga rediyon 105.3 The Fan aka tambaye shi me ya sa bai ƙarfafa kulob ɗin ba kafin kaka, sai ya fusata, har yana nuna wa masu shirin zai iya sa a kawo wasu su riƙa yi masa tambayoyin. A ranar kam ban ga mai goyon baya ɗaya da ya ce 'yan jarida sun tsane mu ba, kowa bayan masu rediyon ya bi, saboda tambayar da ke cin mu suka yi, kuma 'yan gida ne, ba daga wani situdiyo a New York suke mana gwalo ba.

Da aka ba Packers tauraron mai tsaron bayanmu Micah Parsons a Agustan 2025, Packers ɗin dai da suka wulaƙanta mu, na ce to yau kam babu mai kare wannan. Abokin nan nawa ya yi kwana ɗaya cur yana zagin Jerry. Da masu sharhi suka fara cewa Dallas ta tafka shirme, sai ga shi ya dawo da lissafi, wai ai an samo ɗan wasansu Kenny Clark da zaɓin zagayen farko guda biyu a diraf, wato zaɓen sababbin 'yan wasa, wai dama Parsons ba ya tare masu gudu da ƙwallo. Na buɗe baki zan yi masa dariya sai na tuna ni ma da safen na rubuta kusan haka a ƙarƙashin wani bidiyo a YouTube, ina ta musu da wani ɗan Philadelphia Eagles da ban taɓa gani ba har batirin wayata ya mutu.