Ɗumi daga ciki, kwalliya daga waje

Sanyin hunturu a Kano ba ya wuni. Da asuba a watan Janairu ma'aunin zafi kan sauko wajen digiri 13 ko 14, amma kafin la'asar ya doshi 30. Nan ne matsalar mace mai fita aiki ko makaranta take: kayan da suka rufa miki asiri a cikin adaidaita sahu da ƙarfe bakwai, su ne za su dafa ki da ƙarfe ɗaya. Ni kullum da sassafe nake fita, shi ya sa na zauna na tsara shigata ta wannan lokaci, kuma abin da na tsaya a kai shi ne a sa ɗumin a ƙarƙashin atamfa, ba a samanta ba.

Bayan wanka, tun jiki da sauran lema, nake shafa man kaɗanya, musamman ƙafa da gwiwar hannu, don iskar da ke kwaso ƙura daga Sahara ba ta barin fata da danshi. Sai in sa farar shimi mai dogon hannu ta auduga, mara kauri, da dogon wando mai kama jiki. A kansu nake ɗora riga da siket ko doguwar rigata yadda na saba. Ɗinkin bai ɓace ba, zanen atamfar yana nan a fili, sanyi kuma bai samu hanya ba. Abu ɗaya nake dubawa kafin in sayi irin wannan shimi: hannunta ya naɗu har ya wuce gwiwar hannu. Idan bai naɗu ba, kowace alwala a wurin aiki sai ta zama kokawa, ki koma kujera da jiƙaƙƙen hannun riga cikin iska.

Yadi ma yana da nasa hali. Sabuwar atamfa mai sitaci da shadda sanyi gare su a jiki da safe, wadda ta sha wanki ta fi laushi da ɗumi. Yadin roba kuwa, iska na bushewa sai ya manne wa ƙafa yana tartsatsi. Baƙar abaya ina sonta, amma a hazo ba ta kai azahar ba ta yi furu-furu, don haka nake ajiye ta in koma ruwan ƙasa, ruwan toka da ruwan goro, launukan da ƙura ba ta tona musu asiri. Karammiski na bar wa biki da dare.

Abin da ke sama dole ya zama mai cirewa. Rigar sanyi mai maɓalli a gaba ta fi wadda ake zurawa ta ka, don ba sai kin kwance ɗauri ba kafin ki tuɓe ta. A 'yan gwanjo na Ƙofar Wambai nake samun masu kyau, in zaɓi mai launi ɗaya da zai shiga da atamfofi da yawa, in wanke ta sosai kafin in sa. Mayafi mai kauri daga Kantin Kwari ya fi min komai amfani: da safe ya rufe kafaɗa da kunne, ƙura ta taso in ja shi kan hanci, rana ta yi in ninke shi cikin jaka in fito da mara nauyi.

Ƙafa ce mata suka fi mantawa da ita, alhali faso daga nan yake farawa. Silifas na daina fita da shi daga Disamba zuwa Fabrairu, sai safa da rufaffen takalmi mara tsini.

Wannan tsari na Kano ne. Da na je Jos, wadda ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, sai da na ƙara hular ulu a ƙarƙashin hijabi, rigar sanyin kuma ba ta bar jikina ba da zarar magariba ta yi.