Darussan da na koya wajen kwashe foldar Users zuwa wani diski

Laftof da yawa da ake kawo mana shago SSD ɗinsu, wato ƙaramin diski mai sauri da Windows ke kai (C:), 128GB ne kawai, ga kuma babban diski (D:) na 500GB ko 1TB a gefe yana zaune ba komai a ciki. Mai na'ura zai ce oga C: ta yi ja, a kwashe min kayana zuwa D:. To hanyar da masu gyara suka fi bi ita ce a kwafe C:\Users, foldar da ke ɗauke da kayan masu amfani da na'urar, gaba ɗaya zuwa D:, a cire ta asalin, sai a sa mahaɗa (jankshan, wato alamar da ke nuna sabon wurin foldar) da umarnin mklink /J yadda Windows za ta ci gaba da ganin komai na nan inda ta saba.

Babban abin da aikin nan ya koya min shi ne mahaɗar ba ta da wayo ko kaɗan, adireshi ne kawai aka rubuta aka ajiye, in adireshin ya kuskure ba za ta nemo maka daidai ba. Kuma wajen harafin diski ake yawan faɗawa rami. Ba ka iya kwafe foldar mutum yana ciki saboda fayil ɗin NTUSER.DAT, mai riƙe saitunan akawun ɗinsa, a kulle yake, dole ka shiga yanayin gyara na Windows ka yi aikin daga can, to a can ɗin haruffa suna canjawa, C: na iya zama D:, D: ta koma E:, ka sa mahaɗa tana nuna E:\Users ka tashi na'ura, babu wani E: ɗin, sai ta ƙi shigar da mutum ko ta buɗe masa akawun na wucin gadi, fuskar kwamfuta wayam, hankalinsa ya tashi ya ɗauka hotunan bikinsa sun tafi. Alhali kayan na nan lafiya lau. Shi ya sa kafin komai nake buɗe diskpart, manhajar sarrafa diski, in daidaita haruffan su zama yadda suke in an tashi na'ura.

Sai maganar kwafi. Tun daga Windows Vista akwai ɓoyayyun mahaɗai a cikin foldar kowane mutum, irin su My Documents da Application Data, an bar su ne don tsofaffin manhajoji. Wadda ke cikin AppData\Local (AppData ita ce foldar bayanan manhajoji) ma foldar da take ciki take nunawa, don haka in ka saki robocopy, umarnin kwafi, babu /XJ mai sa shi tsallake mahaɗai, zai iya yin ta zagaye yana kwafe folda cikin folda cikin folda har diski ya cika. /COPYALL ma dole ne, in ba haka ba izinin fayiloli ya ɓace.

In aka kawo min wadda wani ya riga ya taɓa, dir /AL nake fara bugawa, nan take zai nuna kowace mahaɗa da inda ta dosa. In za ka cire ta kuma don Allah rmdir, kar ka kuskura ka sa del, shi del wucewa yake ya goge ainihin fayilolin da ke can D:. Wannan yana ci min rai sosai, don kayan mutane amana ce a hannunmu, wani takardun makarantarsa ne na shekara huɗu.

Gaskiya yanzu ban cika yarda in kwashe Users ɗungurungum ba, don ko ya yi aiki yau, ranar da babban sabuntawa na Windows ya zo yana iya tsayawa a hanya. Documents, Downloads, Pictures da Videos su ne masu cin wuri, kuma kowacce tana da shafin Location a cikin Properties, ka danna Move ka zaɓi D:, Windows da kanta za ta gyara rajistarta, wato ma'ajiyar saitunanta. AppData kuwa ina barinta a kan SSD, can manhajoji suka fi sauri. Jankshan sai in wata manhaja ɗaya ta nace da tara kaya a C: kuma ba ta ba da damar canja wuri, ita kaɗai nake yi wa, in rubuta wa mai na'ura a takarda kar ya taɓa harafin D: ɗin.