Abin da ofishin albashi ya koya mini game da kuɗin makaranta a Amurka

Duk wanda ya zauna a ofishin albashi a Amurka ya haddace dala 5,250. Ita ce iyakar abin da kamfani zai biya wa ma'aikacinsa na karatu a shekara ba tare da an cire masa haraji ba, bisa sashe na 127 na dokar harajin tarayya. Tun 1986 adadin yake nan inda yake, kuɗin jami'a kuwa ya ninka ya sake ninkawa. Sai a 2025 aka yi dokar da za ta riƙa ɗaga shi daidai da tsadar rayuwa, daga 2027.

Lokacin da na fara aikin, an nuna mini yadda ake shigar da lambobi. Abin da ke ƙarƙashin lambobin kuwa a bakin ma'aikata masu ƙorafi na koye shi, yawanci a Fabrairu, bayan takardar W-2, wadda ke nuna albashin shekara da harajin da aka cire, ta isa hannunsu.

Ƙorafin kusan ɗaya ne. Mutum ya ga makaranta ta aiko masa da 1098-T, takardar da ke nuna kuɗin karatun da aka biya, ɗauke da dala 9,000, ya ɗauka duka zai kai wa hukumar haraji ta IRS ya nemi rangwame. Ba haka ba ne. Idan kamfani ya biya 5,250 daga ciki babu haraji, wannan kuɗin ya riga ya ci tasa alfarmar. Saura 3,750 da suka fito daga aljihunsa, su kaɗai zai rubuta a fom 8863, na neman rangwamen haraji kan kuɗin karatu. Rangwamen Lifetime Learning kashi 20 cikin ɗari ne na dala 10,000 na farko, don haka 750 za a rage masa, ba 1,800 da ya sa rai ba. Na ga wanda ya riga ya ware wa bambancin hidima kafin ya zo wurinmu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ɗaya ɓangaren, wanda mutane ke asara a kansa shiru. A ce kamfani mai hannu sake ne, ya biya 8,000. Rarar 2,750 za mu zuba ta cikin albashi, a cire mata haraji kamar kowane kuɗin aiki. To tunda an cire mata haraji, ta zama kuɗin ma'aikacin, yana da damar neman rangwame a kanta. Da yawa ba sa nema, suna ganin ai kamfani ne ya biya. Dala 550 ke nan suka bar wa gwamnati. Shi ya sa na daina tambayar wa ya biya makaranta. Tambayata ita ce wace dala aka cire wa haraji, wace ce ba a taɓa ba.

Akwai kuma batun shekara. Iyakar tana bin Janairu zuwa Disamba ne, ba ruwanta da zangon karatu. Kamfanoni da yawa sai sun ga sakamako suke mayar da kuɗi, sai kuɗin zangon Satumba ya faɗo a Janairu ya cinye rabon sabuwar shekara, na tsohuwar kuma ya tafi a banza. A ganina wannan sakacin masu tsara shirin ne, domin gyaransa bai wuce sauya ranar biya ba.

Mai neman digirin farko ya duba rangwamen American Opportunity tukuna. Ya fi tsoka, yana kaiwa 2,500, har 1,000 daga ciki ana iya ba shi a hannu ko da haraji bai hau kansa ba, amma shekara huɗu ta farko kawai, kuma sai yana ɗaukar aƙalla rabin darussan cikakken ɗalibi. Dukansu biyun suna fara raguwa idan kuɗin shigar mutum ya haura 80,000, ko 160,000 ga ma'auratan da suka cike takardar haraji tare. Waɗanda suka cike daban-daban ba su da ko ɗaya.

Rarar da ta wuce 5,250 tana iya tsira daga haraji idan karatun na ƙara gogewa ne a aikin da mutum yake yi yanzu. Idan zai kai shi sabuwar sana'a, babu. Akawun da ya yi kwas kan sababbin dokokin haraji ya shiga. Wanda ya tafi karatun lauya bai shiga ba, ko da kamfanin ne ya ƙarfafa masa gwiwa.

'Yan uwanmu da ke zuwa karatu daga Najeriya, Nijar ko Gana da bizar F-1, su nasu daban ne. A shekara biyar ta farko dokar haraji ba ta lissafa yawancinsu cikin mazauna ƙasa, rangwamen nan biyu kuma galibi na mazauna ne. Makaranta na iya aiko musu da 1098-T, wani mai cike fom a unguwa ya ce akwai dala 1,000 da za a karɓo. Ga irin wannan ɗalibin fom ɗin da ya dace shi ne 1040-NR, na waɗanda ba mazauna ba. Idan aka karɓi kuɗin bisa kuskure, IRS za ta nemi abinta da ruwa a kai, kuma sunan ɗalibin ne a takardar.