Ƙannena masu shirin sayen babbar waya, ga inda na faɗi sau biyu

Wani ƙanina da ke karatu a Kongo, wato harabar jami'ar ABU da ke nan Zariya, ya turo min hoton waya biyu da daddare wai yaya wacce ta fi, Samsung ko iPhone, ya tara kuɗi zai shiga PZ, unguwar shagunan da ake sayar da waya, ranar Asabar. Na fara rubuta masa amsa sai na ga abin ya yi tsawo, na ce bari kawai na zuba shi a nan kowa ya gani, don irin wannan tambayar ce ta cinye min jari a 2023 kuma har yau in na tuna sai na ji wani abu ya tokare min maƙoshi.

Ni sana'ata sayar da huluna da takalma, rabin cinikina a status na WhatsApp yake. A lokacin ina da wata ƙaramar waya ta Android mai layi biyu, tana min komai, batirinta kwana ɗaya da yini. Matsalar daga majalisarmu ta Tudun Wada ta fara, kullum bayan isha'i gardama ce tsakanin 'yan iPhone da 'yan Samsung kamar gardamar ƙwallo, ni kuma na zama malamin lambobi, na haddace komai. Galaxy S23 Ultra da ta fito a watan Fabrairun 2023 kyamararta megafiksel 200, iPhone 14 Pro Max ta watan Satumbar 2022 kuma 48 kacal. Batirin waccan 5000, na wannan 4323. Waccan tana jawo abu daga nesa ninki 10 da gilashin kyamara na gaske, in ka matsa mata har ninki 100, wannan ninki 3. Ga alƙalamin rubutu a sikirin a cikin Samsung ɗin. Da waɗannan lambobin nake kashe bakin kowa, har dai wani ya ce min toh malam kai da ba ka riƙe ko ɗaya ba me ya kai ka magana. Wallahi wannan maganar ce ta saya min waya, ba buƙata ba. Na kwashi adashina na haɗa da kuɗin kaya na je na ɗauko S23 Ultra sabuwa dal a kwali.

Abu na farko da na gane, kwalin babu kan caja, kebul ne kawai. Tun daga S21 a 2021 suka daina sakawa, Apple ma tun iPhone 12 a 2020, ni da nake ji da haddar lambobi ban san wannan ba. Wayar tana karɓar caji har wat 45 amma sai ka sayi cajar da ta kai hakan, ni kuma na liƙa mata tsohuwar cajata tana tafiya kamar hawainiya, kuma kun san yadda wuta take a gari, in an kawo ta awa biyu kowa rige-rige yake.

Na biyu shi ne megafiksel ɗin nan 200 da na yi ta cika baki da shi. Ashe in ka buɗe kyamara ka ɗauki hoto haka kawai ba 200 take ba ka ba, tana haɗa ɗigo 16 su zama ɗaya ne don hoton ya yi haske, sai ya fito wajen 12. Sai ka shiga ka kunna 200 ɗin da kanka, kuma hoto ɗaya sai ya ci memori kamar ɗan gajeren bidiyo. Ka ɗora a status kuma WhatsApp ya matse shi ya koma kamar na kowa. Na ɗauki hoton wata hula zanna da sabuwar wayar, na ɗauka da tsohuwar, na tura wa matata na ce wanne ya fi, ta daɗe tana kallo ta ce ai na biyun ya fi fito da kalar zaren. Na biyun tsohuwar ce, a bakin ƙofa na ɗauka da hasken safe, na farkon kuma a cikin ɗaki. Ban ce mata komai ba.

Gaskiya dai ba zan ci amanar wayar ba, akwai ranar da ta burge ni, ranar hawan sallah a ƙofar fada. Ina can baya cikin turmutsutsu na jawo mahayan nan kamar a gabana suke, har ɗinkin rawani ana gani, 'yan iPhone da ke kusa da ni sai leƙen sikirin ɗina suke. Amma hawan sallah sau nawa ake yi a shekara? Alƙalamin kuwa sau uku na zaro shi, biyu daga ciki don nuna wa mutane.

Wata na biyar na hau acaɓa daga Kwangila zan shiga Sabon Gari, wayar na aljihun gaban riga, muka faɗa wani rami ta yi tsalle ta sauka da gefe. Gefen gilashinta a ɗan lanƙwashe yake, nan ya bugu, sikirin ya yi baƙi rabi. Da na je wurin mai gyara ya faɗa min kuɗin na asali sai da na nemi benci na zauna, kuɗin zai sayi sabuwar waya matsakaiciya har a ba ni canji, kuma ya ce babu a ƙasa sai an aiko daga Kano ko Legas. Lokacin naira ta riga ta faɗi tun sakinta da aka yi a watan Yunin 2023, duk abin da ake shigowa da shi farashin safe daban na yamma daban. Toh ku ji ni da kyau, kafin ka tambayi kuɗin waya ka fara zuwa wurin masu gyara ka tambayi kuɗin gilashinta da batirinta, kuma ka tambaya ko suna da shi a shago yanzu yanzu. In kuɗin gilashin ya fi ƙarfin abin da kake samu a wata, wayar nan ba taka ba ce ko da kana da kuɗin sayenta yau.

Da mai hankali ne da na tsaya a nan. Ina! Na gyara ta da bashi, sai zuciya ta ce ai dama 'yan iPhone sun fi gaskiya, tasu ta fi riƙe daraja in za ka sayar, bidiyonta ya fi kyau a Instagram, wanda a ganina hakan ne. Na je na yi musanya da iPhone 14 Pro Max ta hannu, irin wadda ake ce wa Landan yus, har da ciko na bayar. A shagon na duba kyamara, na duba sifika, na duba ko tana gane fuska, na biya na tafi. Sai da na isa gida na ɗauko tsinke zan saka layi, na juya wayar nan ta kowane gefe babu ramin sim. Ashe ta Amurka ce, kuma tun daga iPhone 14 duk wadda aka yi don kasuwar Amurka ba ta da wurin saka sim, sai eSIM, wato layin da ake ɗora maka a cikin wayar ba tare da kati ba. Mai shagon bai faɗa ba, ni ma ban tambaya ba. Sai da na kashe yini guda a ofishin masu layi da lambar NIN ɗina kafin aka mayar min da layi ɗaya, kuma daga ranar ba zancen cire sim na saka a ƙaramar waya in caji ya ƙare, wanda a da shi ne dabarata kullum.

Alhali abin da zai hana ni faɗawa bai fi minti ɗaya ba. Ka shiga Settings, General, About, ka dubi lambar samfurin wayar, in ta ƙare da LL/A ta Amurka ce. Harafin farko ma yana magana, M sabuwa aka sayar da ita, F kamfani ya sabunta ta, N musanya ce aka ba wani. A wannan shafin dai in an taɓa canza batir ko gilashi ko kyamara yawanci tana nunawa. Ka duba lafiyar batir, in ta gangaro kusa da kashi 80 cikin ɗari ka saka kuɗin sabon batir a lissafi. Ka danna *#06# ka ga lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ta yi daidai da ta kwali da ta rasit, kuma dan Allah kada ka bar shago sai an goge wayar a gabanka ka saka naka akawun, don in iCloud ɗin wani, wato akawunsa na Apple, na kai ka sayi madubi ne kawai. Ta Amurka kuma ka tabbatar ba a kulle take da layin can ba.

Wanda ya fi min ciwo shi ne WhatsApp. Ajiyar hirarrakina tana Google Drive, iPhone kuma ba ta ɗauko daga can, akwai hanyar kwashewa amma sai wayoyin biyu suna hannunka, ni kuma na riga na goge waccan na miƙa a shago. Hirar kwastomomi, wanda ya biya rabi, wanda ya ce a ajiye masa lamba 43, masu bashi, duk suka tafi. Wasu masu tsoron Allah sun biya da kansu, wasu har yau muna gaisawa a masallaci kamar ba komai. Ga kebul ɗin iPhone ɗin daban, duk majalisa taif si, wato irin bakin cajin wayoyin Android, suke da shi ni kaɗai ke yawo da nawa, sai a iPhone 15 ta 2023 suka koma irin na kowa. Mai memori giga 128 na ɗauka don ta fi araha, kuma manyan wayoyin nan biyu babu mai wurin saka katin memori, wata uku na fara goge bidiyon bikin ƙanwata.

Sai zafi. Apple da kansu sun ce wayar an yi ta ta yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, Zariya kuwa a watan Maris da Afrilu ana wuce hakan da rana, ka tsaya ɗaukar bidiyo a kasuwa sai sikirin ya dushe, ka saka caji ta ce sai ta huce. Duk manyan wayoyi haka suke yi don kare batir, masu gwada su a YouTube a ɗaki mai sanyi suke zaune shi ya sa ba ka jin wannan a bakinsu. Haka maganar 5G, MTN ta fara a Najeriya a 2022, Airtel a 2023, amma kafin ka ƙara kuɗi saboda shi ka ari wayar wani ka gani ko yana kamawa a ɗakinka. Maganar ba ta jin ruwa ma kada ka gwada, garantin bai ɗaukar lalacewar ruwa.

Lamba ɗaya da na yarda a duba ita ce shekarun da kamfani zai ci gaba da turo wa wayar sabuntawa, tunda da ita kake shiga banki. Google ta yi alkawarin shekara 7 daga wayarta Pixel 8, Samsung ma haka daga S24 a 2024, iPhone dama tana daɗewa ana sabunta ta. Sai dai Pixel ka fara neman mai gyaranta a garin nan tukuna.

Shi ƙanin nawa na tambaye shi me zai yi da wayar, ya ce karatu, bidiyo kaɗan, sai kallon ƙwallo. Na ce layi nawa gare ka, ya ce biyu. Awa nawa kuke samun wuta a hostel, ya yi dariya. Na ce ranar Asabar ya biyo ta shago mu tafi tare, wurin mai gyara za mu fara tsayawa, kuma ya taho da rabin kuɗin kawai, sauran ya bar su a akawun. Ya turo min wai yaya ai abokansa duk Pro Max suke riƙewa. Ban ba shi amsa ba tukuna, ina neman hoton rasit ɗin gilashin nan ne na tura masa.