Aikin rufi da indararo a ƙarshen kaka

A biranen da shekara ke rabuwa gida huɗu, babu lokacin da wayar ɗan kamfaninmu ke yawan ƙara kamar ƙarshen kaka, wato Nuwamba a arewacin duniya, Mayu kuma a kudanci. Sana'armu gyaran rufi da indararo ce, kuma yanayin wannan lokaci shi ke rarrabe aikin gaske da na jabu.

Ruwan ƙarshen kaka ba kasafai yake zuwa da tsawa ba. Yayyafi ne mai naci, ya wuni ya kwana, sama ta yi toka-toka, rana ta fito a makare ta faɗi da wuri, domin a arewa yini yana ta raguwa har 21 ko 22 ga Disamba. Rufi ba ya samun sararin bushewa. Mutane na raina yayyafi, alhali ruwan milimita 10 a kan rufi mai murabba'in mita 100 lita 1,000 ke nan, kuma duk sai ya nemi hanyar sauka. A daidai lokacin ne itatuwa ke kakkaɓe ganye, iska ta kwaso ta zuba cikin indararo, ya jiƙe, ya ruɓe, ya zama baƙin taɓo ya toshe bakin bututu. Da ruwa ya rasa hanya sai ya bi bango.

Ni dai abin da na fi tsoro shi ne daren da sama ta yi garau, ba gajimare ba iska. Ɗumin ƙasa yakan tsere, da asuba hazo ya kwanta, raɓa ta daskare a kan rufi ko da ma'aunin zafi na nuna digiri 2 ko 3 sama da sifili, saboda rufin ya fi iskar da ke kewaye da shi yin sanyi. Ruwa kuwa in ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, don haka wanda ya maƙale a 'yar tsaga sai ya buɗa ta, ya narke da hantsi, ya ƙara shiga ciki, dare ya yi ya sake. Unguwannin gefen gari ke fara shan wannan, domin gine-gine da kwaltar tsakiyar birni na riƙe zafi. Shi ya sa daga gefe muke fara zagayenmu.

Maigidan da ya koya mini aiki, Allah Ya jiƙansa, ba ya barin yaro ya taka rufi da safe sai ya shafa shi da tafin hannu ya ji ko da santsi. Shi ya nuna mini yadda ake jan zare daga wannan ƙarshen indararo zuwa wancan don a fitar da gangare, sannan a juye bokitin ruwa a tsaya ana kallo. In ruwa ya kwanta ko da cikin cokali ne, a kwance a sake ɗaurawa. Har gobe haka yarana ke yi, kuma da hannu muke kwashe taɓon, mu wanke bututu har ƙasa.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu sha yanzu magani yanzu, waɗanda ke fitowa da tsani da zarar ganye ya fara zuba. Su tura shara cikin bututu, daga sama a ga tas. Su shafa gam a kan jiƙaƙƙen rufi cikin sanyi, alhali yawancin irin wannan gam na buƙatar busasshen wuri da ɗumin da ya haura digiri 5 kafin ya kama. Ga robarsu sakayau, sanyin farko ta tsage. Sai mai gida ya zo yana ja da mu a kan farashi, wai wane ya yi masa da arha bara. To ai aikin baran ne muka zo kwancewa, kuma yanzu har katakon ƙarƙashi ya sha ruwa.

Duk wanda itace ke kusa da gidansa, ya kira mu da zarar yawancin ganye ya sauka, kafin ƙanƙarar farko. Bayan nan hawa rufi na da haɗari, kuma ba na tura yarana su hau santsi ko nawa za a biya.