Ba kowace leda muke yi ba

Masana'antarmu ƙarama ce, a nan Sharaɗa cikin Kano: injin hura leda biyu, injin bugu ɗaya. Masu sana'a muke yi wa aiki, kuma da yake inji biyu ba za su ɗauki kowa ba, dole mu san wanda za mu sa a gaba. Ba da girman kamfani muke raba su ba. Abin da muke dubawa shi ne, idan leda ta ba mutum matsala, ta ina asara za ta shigo masa?

Mai ruwan leda asararsa a wajen liƙi take. Injinsa da zafi yake liƙe bakin leda. In kauri bai daidaita ba, wani wuri ya ƙone, wani ya ƙi kamawa, jaka mai guda 20 ta fara yoyo a bayan mota tun ba a kai shago ba. Shi ya sa muka ware masa inji guda sukutum, wanda ba ya ganin komai sai sababbin 'ya'yan roba, nau'in da ake kira LDPE gauraye da wanda ake kira LLDPE. Kaurin tsakanin maikiron 60 zuwa 70 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), kuma kowane naɗi sai an auna gefe da gefe da tsakiya. Kafin bugu, ledar tana bi ta na'urar da ke gyara fuskarta don ta riƙe tawada. Wanda ya tsallake wannan, lambar NAFDAC za ta goge da zarar ruwan ya kwana cikin ƙanƙara. Gwajin ba wuya: manna salatif a kan rubutun ka fizge, in tawada ta biyo shi, naɗin ba zai fita daga ƙofarmu ba.

A nan ne masu araha suke ɓata mana sana'a. Su zuba tsohuwar roba da aka sake narkawa, su rage farashin kilo, sai mutum ya zo yana cewa, "Alhaji, can an yi mini ƙasa da haka." To, kilo ba shi ne lissafi ba. A ƙirga ƙullin ruwa nawa kilon ya fitar, nawa suka fashe, sannan a shinshina ruwan bayan ya sha rana.

Gidajen burodi daban suke. Su ido suke saye: leda garau, suna ya fito raɗau. Suna saye rani da damina, amma kaɗan-kaɗan, kuma kowa da zanensa. Kowane launi da farantin bugunsa, kowane canji kuma sai an wanke inji an yi asarar leda kafin launi ya zauna. Don haka muka tsaya a girma uku da launi biyu, muka kuma sa mafi ƙarancin kilon da za mu karɓa. Mai son launi huɗu a kan ɗan aiki, mukan nuna masa wani wurin cikin mutunci.

Baƙar ledar zuba kaya kuwa mun cire ta daga jerinmu. Dillalan Kasuwar Singa farashi kawai suke tambaya, kuma ba laifinsu ba ne, haka kasuwar take. Sai dai in muka sa tsohuwar roba a inji don mu kai ga arahar da suke nema, ragowarta na iya fitowa ɗigo-ɗigo a ledar ruwa. Gutsattsarin da ke faɗowa wajen yanka muna sayar wa masu wannan layin.

Lokaci ma yana cikin rabon. Daga Maris zuwa Mayu, da kuma azumi in ya faɗo cikin zafi, masu ruwa ke cinye injinan biyu, don haka muna buga wa gidajen burodi nasu tun da wuri. Da hunturu ya shigo ruwa ya ja baya, sai inji na biyu ya koma ledar cikin buhu ta masu sarrafa shinkafa, waɗanda aikinsu ke tashi bayan kaka.