Wasiƙa Zuwa Sakkwato Kan Mutumin Da Aiki Ya Ƙi Saki

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan'uwanmu na Sakkwato. Gaisuwa ce daga wasu 'ya'yanku masu aikin lafiya a Ingila, tare da fatan kowa yana lafiya.

Maganar da ta sa muka rubuto ita ce ta mutumin da aiki ya zame wa jaraba. Ba ɗan kabu-kabun da in bai fita ba tukunya ba za ta hau wuta ba muke nufi, ko manomin albasa a Goronyo da ban-ruwa ya tsare. Waɗannan larura ce ta kama su, kuma ranar da ta sake su za su miƙe ƙafa su yi barci. Wanda muke nufi shi ne wanda ko hutun ya samu ba ya iya yin sa: ranar sallah yana ciniki ta waya, a zaman makoki yana leƙen WhatsApp a ƙarƙashin babbar riga, in ya zauna babu abin yi sai ƙirjinsa ya yi nauyi kamar ya aikata laifi.

A 2012 masu bincike a Jami'ar Bergen ta ƙasar Norway suka fitar da ma'auni mai tambayoyi 7. Kana yawan tunanin yadda za ka ƙara wa aiki lokaci? Kana wuce lokacin da ka yi niyyar tashi? Kana fakewa da aiki don kauce wa damuwa ko jin laifi? An ce ka rage ka yi kunnen uwar shegu? Hankalinka yana tashi in an hana ka aiki? Ka yar da hutu da motsa jiki? Aikin ya taɓa lafiyarka? Wanda ya amsa da "sau da yawa" ko "kullum" a 4 daga ciki, ya kamata ya tsaya ya duba kansa.

Abin yana kama mutum ne domin aikin yana kwantar masa da fargaba na ɗan lokaci. Da ya ajiye sai ta dawo, sai ya koma. Ga kuma yabo. Mai shan ƙwaya ana yi masa faɗa, shi kuwa wannan "jarumi" ake ce masa, a ƙara da cewa zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Jiki dai ba ruwansa da dalili. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka ƙiyasta cewa a 2016 mutum 745,000 sun mutu da shanyewar ɓarin jiki ko ciwon zuciya sakamakon aikin awa 55 ko fiye a mako. In aka kwatanta da mai awa 35 zuwa 40, haɗarin shanyewar jiki yana ƙaruwa da kashi 35 cikin 100, na mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17. Awa 55 ba wani abu ba ne a wurinmu. Mai shago a Babbar Kasuwa da ke buɗewa ƙarfe 8 ya rufe 6, kwana 6 a mako, ya riga ya yi 60.

Hanyar ɓarnar sananniya ce. Jinin mai lafiya yakan sauka da kusan kashi 10 zuwa 20 cikin 100 a lokacin barci, jijiyoyi su huta. Wanda ke yin awa 4 ko 5 a maimakon 7 ya rage wa kansa wannan saukar. Da rana sai ya tokare kansa da goro da shayi mai kauri, alhali rabin sinadarin da ke hana barci a cikinsu yana nan a jini bayan kamar awa 5, don haka goron bayan la'asar shi ne ke hana rintsawa da dare. Wasu daga nan suke zarcewa zuwa tiramol. Ku haɗa da zafin Afrilu da ke wuce digiri 40 da ƙarancin shan ruwa, ƙoda ma ta shiga cikin lissafi.

Gyara yana farawa da biro da takarda. Mako 2 a jere a rubuta lokacin fara aiki da na tashi, har da wayar ciniki ta dare, domin ita ce aka fi mantawa. Sannan a ɗaure lokacin rufewa da wani abu da ba ya motsi, misali magariba. Wayar kasuwanci ta kwana a zaure. A ware kwana 1 cikin 7, a miƙa wa yaron shago aiki guda da littafin lissafinsa, a duba sau ɗaya a mako. Inda mutane ke faɗuwa shi ne kwanakin farko: hankali zai tashi, mutum ya ɗauka alama ce ta cewa kasuwa za ta rushe, ya koma. Wannan tashin hankalin shi ne ciwon da kansa, kuma yakan lafa in an daure. A cike gurbin da wani abu, ko zumunci ko tafiyar ƙafa ta minti 30. In ƙunci da rashin barci sun zarce mako 2, a nemi likita. Asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ba na wanda ya fita tsirara kaɗai ba ne.

Awon jini kuma a yi shi daidai: a zauna minti 5, babu goro ko taba minti 30 kafin nan, a auna sau 2. In yana maimaita 140/90 ko sama a ranaku dabam-dabam, magani ake nema. In kuwa baki ya karkace, hannu ya saki ko magana ta sarƙe, kada a ɗura wa mutum komai ta baki, a garzaya da shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a kuma riƙe lokacin da abin ya fara, don shi likita zai fara tambaya.

Akwai roƙo ɗaya da ya shafi 'ya'yanku na nan. Dokar Ingila ta ƙayyade matsakaicin awa 48 a mako, amma ma'aikaci yana iya sa hannu a takarda ya yafe wannan iyaka, kuma masu aikin kula da tsofaffi da gadi da yawa suna sa hannun, su haɗa aikin dare da na rana. Abin da ya fara da biyan bashin tafiya yakan zarce bayan an gama biya. Idan kuɗin da ɗanku ke aikowa ya ƙaru kwatsam, ko muryarsa kullum a shaƙe take, Baba, Inna, ku tambaye shi awa nawa ya yi a makon nan, kuma ranar hutunsa yaushe ce.

Wassalam,
'Ya'yanku ma'aikatan lafiya, daga Ingila.